Yayana Ba Waliyyi Ba Ne

Tun da muka dawo daga Umara kun hana ni sakat. Wannan ta kira, waccan ta turo murya: "Nafisa, ya Makka? Kin taɓa Ka'aba? Ina tsarabata?" Wata ko sannu da hanya ba ta yi min ba, sai ji na yi, "Wai da gaske ne abin da ake faɗa a kan yayanku?" To ga shi zan faɗa sau ɗaya, wadda ta karanta ta tura wa wadda ba ta gani ba. In labarin dabino da zoben azurfa kuke jira, ku yi haƙuri. Da fushina na dawo, kuma har yanzu bai huce ba.

Ga wadda ba ta san ni ba, ni ce Nafisa mai lalle ta nan Funtuwa. Yayana da nake bi, Yaya Sadiku, gyaran esi, na'urar sanyaya ɗaki, yake yi. Kawu Haladu, ƙanen Ummanmu da ke da shagon abaya a Makka, shi ya samar masa aiki a can da takardunsa cikakku. Yaya Sadiku mutum ne mai surutu, in ya kira waya sai cajin Umma ya ƙare. Ni kuwa bai taɓa kiran sunana ba, Kan Tulu yake ce min, wai da aka haife ni kaina ya fi jikina.

Wajen bara kiran ya fara ja baya. In ya kira, magana biyu ya kashe. Ran nan ya ce mu daina ambaton sunansa a waya, ana saurare. Daga nan shiru. Muna cikin wannan damuwar wani Alhajin unguwarmu ya dawo daga Umarar azumi da labari. Wai ya ga Sadiku a Harami zaune yana fuskantar Ka'aba, leɓensa na motsi, bai ma gane Alhajin ba. Da Alhajin ya matsa masa da gaisuwa sai Yaya ya ce, "Ka koma gida, ka koma gida." Alhaji ya buga waya gida, aka ce matarsa ta sauka. Shi ke nan. Mace mai cikin wata tara ta haihu, Yaya Sadiku ya zama waliyyi! Har bidiyonsa Alhajin ya ɗauko, ya bi gari waya zuwa waya.

Kun san lalle aikin zama ne, abin kunne na maƙale a kunnena ina zane. Tun da na ga an sa wa wata amaryar da na taɓa yi wa lalle mari a ƙafa a gidan wani mai maganin mahaukata, na dinga bin duk wani shiri da likitocin ƙwaƙwalwa ke yi, a rediyo ko a waya, in na ji kalmar da ban gane ba in tsaya in nemo ta. A nan na san wata cuta mai dogon suna, sikizofireniya. Ta fi kama matasa, kuma ba da jifa ko yaga riga take farawa ba, wallahi! A hankali take shigowa. Mutum ya janye daga mutane, barci ya ƙaurace masa, ya daina kula da jikinsa, ya fara zargin ana bin sa, can kuma ya fara jin muryoyin da ba wanda ke ji sai shi. Abin da likitocin nan ba sa gajiya da maimaitawa shi ne: in an kai da wuri magani ya fi kamawa, mutum na iya komawa aikinsa da iyalinsa. In an bari ta daɗe, akwai abin da take cinyewa wanda ba ya dawowa.

Na kalli bidiyon nan na sake kallo. Na ce wa Umma, "Ni fa idon Yaya bai yi min kama da na mai natsuwa ba." Ta ce in je in wanke bakina.

Da aka ji Kawu ya biya mana Umara ni da Umma, gidanmu ya koma kamar gidan suna. Mata na ta shigowa, kowacce da saƙonta ga waliyyi. Mai neman haihuwa, mai neman miji ya dawo daga Legas, mai ɗa zai zana jarrabawa. Anti Hajara maƙwabciyarmu ta kawo 'yar hular jaririnta da ba ya barci, ta ce Malam Sadiku ya yi mata tofi. Malam fa! Mutumin da a gabanta ya tashi yana satar mata mangwaro ta katanga.

Muka hau mota zuwa Kano ta Malumfashi. Direban ya cusa mu kamar buhunan barkono, muna dab da Gwarzo taya ta fashe, muka zauna a gindin bishiya yana ta faman neman abin ɗaga mota. Umma kuwa bakinta bai iya riƙe alheri ba, ta faɗa wa wata mata inda za mu da wanda za mu gani. Matar ta dafe ƙirji. "Wannan bawan Allah na bidiyo? Ke kika haife shi?" Ta kama hannun Umma tana shafawa a fuskarta. Na kau da kai ina tsaki a ciki.

Jirgi dai kunnuwana ne suka toshe, Umma ta ƙi abincinsu ta kwance ƙullin dambunta. A Jidda ne na sha kunya. Wurin duba fasfo akwai na'urar da ake ɗora yatsu, ni kuwa na yi wa kaina lalle na kece raini, ja da baƙi har kan farce, don ba zan shiga Makka da hannu fari kamar marar sana'a ba. Na'ura ta ƙi ni. Jami'in ya ce in sake, na sake. Ya miƙo min wata 'yar takarda mai jiƙa na goge, na sake. Layi ya taru a bayana, wata tsohuwa 'yar Sakkwato tana cewa, "Ke ɗiyar nan, amarci kika zo ko ibada?" Da ƙyar ɗan yatsa ɗaya ya kama aka bar ni na wuce.

Ba zan ɓoye muku ba, da na ga Ka'aba na manta da komai. Na yi kuka har majina. Wannan ba abin da baki zai iya faɗa ba ne, Allah ya kai kowa ya gani da idonsa. Ina faɗa ne don kar wata ta ce Nafisa ta je ta dawo tana faɗa da addini. A'a. Da mutane nake faɗa.

Masaukinmu a Tandabawi ne, gidan Goggo Maryama, 'yar'uwar babanmu ta nesa. A Makka aka haife ta, kakanta da ƙafa ya zo ta Sudan. Unguwar kan dutse take, lunguna a matse, hawa kamar za ki tsinke. Goggo tsohuwa ce mai ƙiba da dariya, Hausarta rabi Larabci. "Ahlan, ahlan, ya banati! Ku shigo, kun sha ta'ab." Ta rungume mu tana manna mana kumatu hagu da dama, ni da na durƙusa zan gaishe ta na rasa yadda zan yi da gwiwoyina. Su ba sa doguwar gaisuwa irin tamu ta ina gajiya ina gida ina yara. Kuma rana ce darensu, sai bayan la'asar gari ke farkawa. Da safe ba koko ba ƙosai, sai wake da aka dama da man zaitun, ful suke ce masa, da wani faffaɗan burodi mai zafi, tamis. Shayi kuwa a ɗan kofin da bai fi maƙurwa uku ba. Umma ta ce, "Wannan ai na ɗanɗano ne, ina na shan?" Shinkafa a ƙasa ake ci kan leda, kowa da gefensa. Abin da ya ba ni dariya, tsirenmu na gida shi ne abin marmarin Larabawan unguwar, 'yan'uwanmu ne ke gasawa, suna layi suna shan yaji suna hawaye.

Washegari Kawu Haladu ya zo kai mu wurin Yaya. Yana gaba yana taku kamar mai kai baƙi gidan gona. Muka hau bene inda ake hango Ka'aba, ya nuna da haɓa.

Ban gane shi ba. Wallahi sai da na kalli kunnuwansa. Ya rame kamar kara, gemu ya cukurkuɗe, jallabiyarsa ta koma ruwan ƙasa, dugadugansa sun tsage. Wasu 'yan gida su uku sun tsuguna nesa kaɗan da shi suna jira ya ɗago. Umma ta ce, "Sadiku."

Ya juyo. Na yi zaton zai tashi ya rungume ta. Sai na ga idonsa ya fito, ya ja da baya har ya bugi ginshiƙi.

"Wa ya kawo ta? Me ya sa kuka kawo ta nan?"

Kawu ya yi murmushi ya ce wa Umma, "Kin gani ko, Yaya? Ba ya son duniya ta raba masa hankali, ko da uwa ce. Sai haƙuri, Allah ne ya zaɓe shi." Umma ta share hawaye ta ce Alhamdulillahi. Ni kuwa abin da na gani tsoro ne tsagwaronsa.

Na matsa sai an kai ni ɗakinsa in kwaso kayan wanki. Ɗan Goggo, Faisal, ya kai ni a motarsa. Shi Hausarsa "kaɗan kaɗan" ce, in ta ƙare ya koma Larabci ya bar ni da gyaɗa kai. Ɗakin a Ka'akiyya yake, can bayan gari inda haya ke da sauƙi. Abokin zamansa, Isufu, mutumin Maraɗi ne, wuri ɗaya suke aiki. Yana buɗe ƙofa zafi ya buge ni. Na ɗaga kai, sai ga esin ɗakin an lulluɓe shi da kwali, an naɗe da salatif ta ko'ina. Mai gyaran esi, a zafin Makka!

Isufu ya ce, "Ƙanwata, shi ya yi haka da hannunshi. Ya ce ta cikin mukayyif, esin nan, suke mishi magana. Ni a soro nike kwana yanzu."

Na ce, "Dabino da zamzam da aka ce su kaɗai yake ci fa?"

"Ba zuhudu ba ne. Cewa ya yi ina sa mishi guba a abinci. Ni, da muke ci kwano guda! Na gaya ma Alhaji Haladu tun wuri, ya ce hassada ce ke damuna."

Sannan ya faɗa min abin da ya fi wannan muni. Yaya ya daina zuwa aiki, Isufu ne ke yin nasa ya yi na Yaya yana rufa masa asiri. Amma kafil, wato ubangidan da ya ɗauke su aiki kuma sunansa ke kan takardunsu, ya gaji. Ya ce in Sadiku bai bayyana ba zai kai rahoton ya gudu. In aka yi haka ya zama marar izinin zama, ranar da aka kama shi sai gidan tsare mutane, da wannan halin da yake ciki.

A ranar Kawu ya kira mu cin abinci gidansa a Utaibiyya, har da baƙinsa 'yan kasuwa. Mata muna ciki, maza na falo, labule ne tsakani. Ina ji yana ba su labarin karamomin ɗan yayarsa, har yana cewa gobe zai kai su a yi musu addu'a. Ban san lokacin da na ɗaga labulen ba.

"Kawu, Yaya ba shi da lafiya! Sikizofireniya ce, ga ta nan, ku kalla!" Na danna bidiyon wani likita na miƙa waya a kan tiren shinkafa.

Muryar likitan ta cika falo da Turanci. Kawu ya ajiye cokali.

"Sannu, likitar waya. Sikizo me? Ke da ko sakandare da ƙyar kika gama, lallen naki ne ya hau miki kai?" Baƙi suka yi dariya. Ya rage murya. "To bari ki ji. In aka kai shi mustashfa, likita ya rubuta mahaukaci, kafil ya sallame shi. Labari ya isa Funtuwa, ke wa zai aure ki? Ƙannenki wa zai aura? Yanzu ana ganin girman gidanku. Ki zaɓa, ƙanwar waliyyi ko ƙanwar mahaukaci."

Kun ji inda gizo ke saƙar. Ashe ya sani. Ko bai sani duka ba, ya san wani abu, ya ga waliyyi ya fi daɗin faɗa. Umma ta fizgo ni ta ce in durƙusa in ba shi haƙuri. Na durƙusa, amma haƙorana na cije da leɓena.

Da safe Goggo Maryama, wadda duk abin nan a gabanta aka yi, ta ce min, "Ta'ali, ya binti. Ɗauko tiren nan ki biyo ni." Muka hau har saman gida tana haki. Akwai wani ɗan ɗaki a can da ban san da shi ba. Ciki wani dattijo ne fes da shi, zaune a bakin gado yana kallon bango.

"Ƙanena ne, Abbakar. Da, duk Tandabawi ba mai rubutun allon shago kamarsa." Ta zuba masa shayi, ta sa masa ƙwaya a tafin hannu, ya haɗiye bai kalle mu ba. "Yana saurayi ya fara kamar naku. Aka ce jinnu ne, aka ce ido ne, aka ce sihiri. Babu shehin da ba mu je ba. Babanmu ya ce ba za a ji a gari ba, aka hau da shi nan aka rufe. Sai da Baba ya rasu na kai shi wurin daktur, gashinsa ya fara fari. Daktur ya ce infisam ne, cutar nan da kika ambata jiya, ina kuke tun tuni? Yanzu alhamdulillah ba ya ihu, ba ya tsoro. Amma Abbakar ɗina bai dawo ba. Kalas."

Ta goge ido da gefen mayafi, sannan ta dungure min kai. "Ke kuma maganarki gaskiya ce, amma bakinki kamar bakin bindiga. Ana shiga falon maza da waya? Uwarki ba waya za ta saurara ba. Ɗanta za ta saurara. Wa ya taɓa tambayarsa?"

Mutum ɗari sun tsuguna a gabansa, kowa da buƙatarsa. Ba wanda ya taɓa ce masa kai me ke damunka.

Bayan la'asar na ce wa Umma mu je mu kai masa hular Anti Hajara. Da wannan ta yarda. Na roƙe ta ta tsaya bayan ginshiƙi tukuna kar ya firgita. Na zauna ɗan nesa da shi, ban kalle shi ido cikin ido ba. Na tuna abin da likitocin ke cewa: kar ki yi masa musu, kar kuma ki ce kin ji abin da ba ki ji ba.

"Yaya, ni ce. Ni ba na jin su, amma na san kai kana ji. Me suke ce maka?"

Leɓensa na ta motsi, sai a lokacin na gane ba tasbihi ba ne, roƙo yake, "Ku bari, ku bari."

"Zagina suke, Nafi," ya ce a hankali. "Ba dare ba rana. Su uku ne. Sun ce ni ƙazami ne, sallata ba ta karɓuwa. Sun ce in na bar inda nake ganin Ɗakin nan, za su kashe Umma. Ko banɗaki na je da gudu nake dawowa. Na gaji. Ina son in yi barci. Mutanen nan kuma sai zuwa suke, ina ce musu su koma gida kar a haɗa da su, ba sa ji."

Ka koma gida. Karamar da aka yi ta yawo da ita a waya ke nan.

Ban san Umma ta fito ba sai da na ga inuwarta. Hular na hannunta, ta sake ta ta faɗi ƙasa. Ta zauna dirshan a gabansa ta kama fuskarsa da hannu biyu.

"Sadiku, duk watannin nan gadina kake yi?"

Ya fashe da kuka kamar yaro.

Umma ta juyo gare ni, idonta jajir. "Kira Faisal ya kawo mota." Ta koma kansa. "Tashi mu je wurin likita a ba ka abin da zai sa ka yi barci, ya rage musu baki."

"Umma, za su kashe ki."

"Rai na hannun Allah. Ga hannuna, riƙe. Duk inda za a kai ka ina gefenka, kana ganina da idonka. Ni na haife ka, na ce ka tashi."

Wallahi tafiyar nan daga bene zuwa titi ta fi min daga Funtuwa zuwa Jidda nisa. Kowane taku sai ya waiga. Da Ka'aba ta ɓace masa ya ƙanƙame hannun Umma har ta yi ƙara, amma ba ta saki ba. Wani ɗan gida ya biyo mu yana, "Malam, addu'ata fa?" Goggo, da ta zo tare da Faisal, ta juya ta ce, "Haram alaik! Ga Ɗakin Allah can, bakinka ciwo yake?"

A asibiti wata likita ce ta gan shi, Goggo na fassara. Ni da zumuɗina na fara zuba, "Sikizofireniya ce, na ga alamomin duka." Likitar ta ɗaga min hannu. Ta ce ba a sa wa cuta suna daga waya. Sai an gwada jini, an duba ko ƙwaya ce, ko wani ciwon jiki da ke taɓa ƙwaƙwalwa, sannan a bi shi na wani lokaci kafin a tabbatar. Na ji kunya, na ja bakina. Amma ta ce kawo shi da muka yi shi ne daidai, da an fi haka sauri ma da ya fi. Umma ta tambaya ko a daina yi masa addu'a. Likitar ta yi dariya ta ce ita ma ba ta fara aiki sai ta yi tata. A yi addu'a, a sha magani, kar a bar ɗaya saboda ɗaya.

Suka kwantar da shi. Kar ku zaci ƙwaya ɗaya ya sha ya miƙe. Kwanakin farko barci kawai yake, in ya farka ya laluba ya ga Umma na nan. Maganin farko ya sa masa taurin wuya da rawar hannu, aka canza. Sai da aka ɗauki makonni kafin ya ce muryoyin sun koma kamar rediyon maƙwabta. Daga baya likitar ta ce abin da nake tsoro ɗin ne, kuma magani ba na wata ɗaya ba ne, ko ya ji garau kar ya kuskura ya daina sai da izinin likita. Isufu ya kai wa kafil takardar asibiti, mutumin ya fasa kai rahoto, ya ba shi hutun jinya. Ko zai sake ɗaukarsa, Allah masani. Kawu Haladu sau ɗaya ya leƙo, ya tsaya daga bakin ƙofa ya ce, "Kun dai yi abin da kuke so." Har muka taho bai ƙara yi min magana ba. Ban rame ba.

Tare muka dawo da Yaya, yanzu a Kano yake ganin likita. Ranar da muka iso gida ya cika, an zo tarbar waliyyi. Suka tarar da mutum ya yi aski, ya yi kumatu, yana hamma yana cin tuwo da miyar kuka. Na ga fuskoki suna faɗuwa ɗaya bayan ɗaya. Da kunnena na ji wata a zaure tana cewa, "Kai, an cuci yaron nan. Allah ya yi masa buɗi, sun je sun kashe masa da allura."

Wannan maganar ce ta sa na zauna na rubuta duk wannan. Lokacin da yake zaune cikin yunwa da tsoro ana zaginsa dare da rana, kun ce ya dace. Yau da yake barci, yake cin abinci, yake sallarsa ba wanda ke ce masa ba ta karɓuwa, yau ne aka cuce shi? Don Allah, in naku ya fara janye jiki, ya daina barci, yana cewa ana bin sa ko ana yi masa magana, kafin ku ce aljani, kafin ku ce sammu, kafin ku ce waliyyi, ku zauna ku tambaye shi. Sannan ku kai shi asibiti tun yana gane hanyar gida. Na ga ɗakin da ke saman gidan Goggo Maryama, ba na fatan kowa ya gani a gidansu.

Anti Hajara ta zo karɓar hularta, Umma ta miƙa mata ta ce ba a yi tofin ba. Ta fita ko sallama babu. Wasu sun daina kawo min amare, wai gidanmu akwai taɓin hankali a jini. Su riƙe amarensu.

Jiya da rana ina tsakar gida ina kwaɓa lalle, Yaya na zaune a inuwa ya kwance tsohuwar fankar Umma da ta shekara ba ta juyawa. Hannunsa na ɗan rawa, aikin da da yake yi kafin shayi ya huce ya ɗauke shi tun hantsi. Na ga ya tsaya ya karkata kai kamar mai saurare, gabana ya faɗi. Sai ya girgiza kai ya ci gaba da ɗaure noti. Can ya ɗago yana dube-dube.

"Ke, Kan Tulu! Inuwar kanki ta tare min haske. Matsa, ki miƙo min sukundireba."

Umma na kicin, na ji ludayi ya faɗi daga hannunta.